Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rijiyar da Ta Ba Ni Kunya a Gindin Dutse

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse a Gusau ya ɗauke ni aiki bayan na gama bautar ƙasa. Masu tambaya ko Baba ya haƙura da zancen auren nan, ku ƙara haƙuri, za mu zo wurin. Yau labarin kunya ne, kuma na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta shi.

Wata huɗu na yi ina ɗaukar wa Injiniya jaka da guduma. A watan Afrilun 2001 ya kira ni ofis ya ce an ba mu famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya a wani ƙauye bayan Dutsen Kwatarkwashi, shi zai tafi Kaduna, in je in zaɓi wurin da za a haƙa. Ranar kaina ya fi hulata girma.

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san dutsen nan, ga shi can tsaye baƙi ƙirin kamar an kife ƙatuwar tukunya. A Zariya, inda na yi karatun duwatsu, an koya mana cewa giranit ne, narkakken dutse da ya huce can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe shi har ya fito fili. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa. Ka fasa shi, cikinsa a bushe yake kamar ƙarfe. Shi ya sa neman ruwa a wajenmu ya fi wuya a kan na mutanen Sakkwato da Kabi. Da ka wuce Talatar Mafara ka yi yamma, ƙasar ta zama shimfiɗar yashi da laka hawa-hawa, yashin kuma yana riƙe ruwa kamar soso. Mu kuwa, Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Maru, a kan tsohon dutse muke zaune. Ruwanmu wuri biyu yake ɓuya: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke kwance bisa lafiyayyen, ko cikin tsaga. Ka kuskure tsagar da taku goma, ka haƙa wa banza.

Na je da na'urar awo da samari uku. Dabarar tsohuwa ce, wani Bafaranshe mai suna Shulumbaja ya fara gwada ta tun 1912. Turaku huɗu na ƙarfe ake kafawa a layi. Biyun waje su tura wutar batir cikin ƙasa, biyun tsakiya su auna yadda ƙasar ta bar wutar ta wuce. Duk lokacin da ka ƙara nisan turakun waje, wutar ta ƙara nutsawa. Busasshen dutse yana tare wuta, lambar ta haura dubbai. Jiƙaƙƙen wuri yana sakinta, lambar ta faɗo. Ƙasar bazara ta bushe ƙamas, sai da muka riƙa zuba ruwan gishiri a gindin turakun kafin na'urar ta yarda ta yi magana. Yaran gari suna binmu a baya suna cewa muna yi wa ƙasa allura.

A wuri na uku, wani fili kusa da masallaci, lambar ta faɗo har 14. Na ji sanyi a raina. Mai gari ma ya ji daɗi, don dama nan yake so. Ina kafa turken shaida sai wata tsohuwa da ke wucewa da itace a ka ta tsaya ta ce, "Ɗana, nan ne hwa muka ɗibar yumɓun tukwane." Na ce, "To, Inna, Allah ya ba da sa'a," na ci gaba da buga turkena. Wallahi ta gaya mini amsar jarrabawar gaba ɗaya, ni kuwa ina tunanin gaisuwa ce.

Bayan kwana shida motar haƙa ta iso. Mata sun jera jarkoki tun hantsi, an ma kira mai ganga. Ni ne mai tarar abin da ke fitowa daga ramin, kowace mita in dumbuza in ajiye a jere a ƙasa. Da farko jar marmara. Daga mita tara sai wata farar laka mai santsi, mai kama hannu, in ka murza ta tana yin igiya. Ta yi ta fitowa har mita ashirin da biyu. Daga nan ƙarar gudumar ta sauya, ta koma ƙwal-ƙwal, ƙura mai ruwan toka ta turnuƙe mu. Mun shiga lafiyayyen dutse ke nan. A mita 45 direban injin ya rage wuta, ya sauke ƙyallen da ya ɗaure hanci, ya ce, "Oga, mu ci gaba ko mu tattara?" Bai taɓa ce mini oga ba sai ranar, kuma na san da gayya ya yi.

Mai ganga ya saɓa gangarsa ya tafi ba sallama. Jarkokin nan aka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya faru na san shi tun ina aji biyu a Zariya, ɗoki ne ya rufe mini ido. In giranit ya ruɓe, farar ƙanƙarar cikinsa tana zama yashi, sauran kuma ya zama yumɓu. Yumɓu mai danshi yana sakin wuta fiye da yashi mai ruwa, shi ya sa lambar ta faɗi warwas haka. Ruwan yana ciki, amma yumɓu marowaci ne, ba ya ba guga ko ɗigo.

Ban koma Gusau ba, gida na wuce. Na faɗa muku tun kashi na biyu cewa Baba maginin rijiya ne, ya yi shekara talatin da wani abu yana shiga rami da diga da igiya a ƙugu. Bayan isha'i na zauna gefen tabarmarsa na kwashe labari na gaya masa. Bai yi dariya ba.

"Gaba nawa kunka yi?"

"Kusan ashirin da biyar, Baba."

"Mi ya hito?"

Na miƙa masa ƙullin lakar da na zo da ita a leda. Ya murza, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe, ya tofar. "Wagga ai ta tukunya ce, Auta. Gobe ka kai ni."

Da sassafe na goya shi a babur. Da muka isa bai ko kalli ramin nawa ba. Sama ya ɗaga kai yana duban dutsen, can ya ce mu hau. Tsoho mai shekara sittin da wani abu, ni nake haki a bayansa.

Ban taɓa kallon dutse irin kallon ranar ba, ni da na yi shekara huɗu ina karanta shi. Bayansa yana ɓarewa falle-falle kamar albasa. Ƙananan kwarmin da ruwan damina ke kwanciya duk sun ƙafe, sai baƙar ƙasa da ta dare a cikinsu. Kukkuki da ararraɓi sun zubar da ganye sun tsaya tsirara a kan fa, remaye suna leƙo mu daga kogo suna komawa. Ko'ina toka-toka. Sai a wata doguwar tsaga da ta keto dutsen daga sama har ƙasa, nan wani gamji ya cusa saiwarsa, ganyensa kore shar a tsakiyar Afrilu. Baba ya zauna a inuwarsa ya nuna mini ƙasa da sandarsa.

"Duba can. Mi ka gani?"

Daga bakin tsagar, can ƙasa cikin gonaki, ga ɓaure, ga kanya biyu, ga wani gamjin, ga suri uku manya, duk a jere ɗoɗar kamar an ja musu igiya. Daga ƙasa ba za ka taɓa lura ba, itatuwa ne kawai a warwatse. Ya ce ruwan da ya sauka bisa dutse ba ya da wurin zama, dole ya gangaro, kuma hanyar da ya samu ita yake bi har bayan ido ya daina ganinta. Ya ce gara ba ta gina babban gida inda ba ta kai ga danshi. Sannan ya ƙara da abin da ban zata ba: shi kansa ya taɓa bin irin wannan layi sau biyu, dutse ya tare shi a gaba shida, ya fito hannu rabbana. "Digata ba ta hwasa shi. Naku injin shina iyawa."

Washegari na dawo da na'urar. Wannan karon ban tsaya wuri ɗaya ba, na riƙe tazarar turakun yadda take na riƙa ratsa layin itatuwan, taku goma-goma. Lambar tana sama da dubu, da muka hau layin ta sauko wajen 180, muna wucewa ta sake haurawa. Na maimaita a wuri biyu gaba, haka ta yi. A ofis na zaro tsohon hoton yankin da aka ɗauka daga jirgin sama, ga layin nan baƙi siriri ya fito daga dutsen ya miƙe. Hoton yana cikin durowar da nake ajiye abincin rana, ban taɓa buɗe shi ba.

Injiniya ya wanke ni tas, sannan ya yarda a sake, bisa sharaɗin kuɗin man ramin farko daga albashina za a cire. A rami na biyu ba mai ganga, ba jarka ko ɗaya. Mun shiga dutse tun mita goma sha ɗaya, ƙura kawai, cikina yana ta kaɗawa. A mita 33 sandar haƙa ta yi wata girgiza ta zurma kamar taƙi guda. Tsakuwar da ta fito manya-manya ce, da farar ƙanƙara, gefenta da jan tsatsa, alamar ruwa ya daɗe yana bi ta nan. Ƙurar ta lafa, ta koma taɓo, sai ruwa ya yi tsiri ya jiƙa mu sharkaf. Na tara bokiti mai lita 20 ina duban agogo, ya cika a daƙiƙa talatin. Famfon hannu ko rabin haka ba ya buƙata.

Rigimar da ta biyo baya ita ce wurin gonar wani ne, kuma da ɗan tafiya daga cikin gari. Sai da mai gari ya yi zama biyu da mai gonar kafin a daidaita. Mutanen garin suka aiko wa Baba da zakara da ƙwaryar goro. A rahoton da na miƙa na rubuta cewa na gano tsagar ta hanyar hoton jirgi da awon wuta. Sunansa bai fito ko a layi ɗaya ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba.

Wata uku ina karɓar rabin albashi. Ina cikin na ukun Injiniya ya ce in haɗa kayana, an ba mu aiki wajen Argungu, inda ya ce a wasu wuraren fadama in ka huda laka ruwa da kansa yake haurowa ba famfo. Na ɗauka tsokanata yake yi. Can ne kuma na fara ganin wadda ta zama uwar 'ya'yana, tana faɗa da direbanmu a kan ya taka mata shanyar shinkafa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.