Daga Aboabo zuwa saman dutsen Kwahu a kan babur

Mu yaran zangon Kumasi babur ba baƙonmu ba ne, yaro tun bai gama makarantar allo ba ya iya ratsa cunkoson Kejetia ko ƙafa bai sauke ba. Amma tuƙin gari daban, tuƙin dutse daban, kuma sai mutum ya hau Kwahu zai yarda da hakan.

Ranar wata Asabar bayan asuba muka tashi daga Aboabo, ni da kawuna ƙanin mamata da yake gyaran babura a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da wasu abokai. Tun daren Juma'a Kawu ya sa kowa ya kawo nasa, ya duba birki gaba da baya, ya ɗaure cen, ya auna iska, da ya zo kan na wani abokinmu ya shafa tayar baya ya ji ta suɗe sai ya ce "ɗana, da wannan tayar ba za ka bi mu ba." A daren nan aka canza ta.

Hanyar Accra muka kama, Oforikrom, Tech wajen jami'ar KNUST, Ejisu garin Yaa Asantewaa, a Konongo muka sha koko da ƙosai, sai Juaso. Wannan ɓangaren ba abin labari sai tireloli da manyan bas masu tsere, kai dai ka riƙe gefenka idonka a madubi. Kilomita ɗari da ɗoriya sai ga Nkawkaw, ga dutsen nan tsaye a bayan garin, gajimare ya rufe kansa.

Da ka bar Nkawkaw hanya ta fara hawa, ba wata sallama. Kwana hagu, kwana dama, kafin ka miƙe daga wannan wata ta tare ka, ɓangare ɗaya bangon dutse ruwa na tsattsafowa daga jikinsa yana jiƙa kwalta, ɗayan kuma rami ne da bishiyoyi sai dai ka hango kawunansu. Kawu ne a gaba muna kallon yadda yake yi, tun kafin ya shiga kwana ya rage gudu ya sauko giya ta biyu, ya danna hon saboda ba ka ganin mai saukowa, a tsakiyar kwanar ba ya taɓa birki sam, totur kaɗan kaɗan har ya fita. Ya riga ya faɗa mana inda idonka ya kalla nan babur zai bi, in ka zuba wa ramin ido to can za ka nufa. Wallahi haka ne, da na fara kallon mafitar kwana sai na ji babur ya yi sauƙi a hannuna. Iska kuma tana ta sanyi muna hawa, zufar da muka kwaso daga ƙasa duk ta bushe, kunne ya ɗan toshe.

A Atibie muka ratse muka hau Odweanoma, tsaunin da masu tashi da lema suke dirowa daga kansa lokacin bikin Ista, tun 2005 ake yi. Daga can Nkawkaw gaba ɗaya tana ƙasanka, rufin kwano, da hanyar da muka biyo tireloli na rarrafe a kai kamar tururuwa. Mun jima a wurin kafin mu wuce Mpraeso. Gidajen da ke garuruwan nan kuwa sai ka gani da idonka, benaye manya manya da yawansu a rufe, masu su 'yan kasuwa ne suna Accra da Kumasi sai biki ko rasuwa ke dawo da su, duk wanda ya yi hulɗa da Bakwahu a kasuwa ba zai yi mamaki ba.

Abetifi muka tsaya, nan ne ake cewa gari mafi tudu da mutane ke zaune a Ghana, sama da mita 600. Abin da ya ja hankalina shi ne tarihin garin ya haɗu da namu, Ramseyer ɗan mishan ɗin Basel da Asante suka kama a 1869 suka riƙe a Kumasi har 1874, shi ne ya zo ya kafa mishan a nan a 1876. Muka samu inuwa muka yi sallar ƙasaru, ruwan alwala sanyi ƙarara da rana tsaka, muka sayi aya, ta Kwahu ai ta yi suna, manya ga zaƙi.

Saukowa ita ce ainihin maganar. Kafin mu tayar Kawu ya tara mu ya ce, "giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai, kar wanda ya sa firi, kar wanda ya riƙe kuloci." Dalili kuwa in babur na cikin giya inji ne ke riƙe shi, birki taimako kawai yake, amma in ka sake shi duk nauyin ya koma kan birki, ya yi zafi, kuma birki in ya yi zafi daina kamawa yake, kana takawa yana tafiya. Mun bi bayan wata babbar mota ƙaurin birkinta har cikin hular kwano, muka ba ta rata sosai.

A nan ne wani yaro ya wuce mu, inji a kashe wai yana tattalin mai, ya goyo mace da kaya, shi ba hula ita ba hula, silifa a ƙafarsa. Raina ya ɓaci matuƙa, don irinsa muna da su cike a zango, ƙannenmu ne, man da zai rage bai kai kuɗin koko ba. A gindin dutse muka same shi yana ƙoƙarin tayarwa, Kawu ya faka ya yi masa sallama, ashe Bahaushe ne ɗan zangon Nkawkaw. Ya kama hannunsa ya kai kusa da dirom ɗin baya ya ce "ji zafin nan, ɗana." Yaron ya janye hannu da sauri. Kawu ya fito da sifana ya ɗaure masa birkin, ya ce ya jira ya huce kafin ya ƙara gaba, mu kuma muka shiga gidan mai muka cika tanki don mu isa Kumasi kafin magariba, hanyar nan ba ta babur ba ce da dare.