Ranar da dogarin Rimmen ya tare ni saboda ƙwarangwal

Jiya da daddare a guruf ɗinmu na 'yan gem aka sake tado tsohuwar gardama, wani ƙaninmu da bai daɗe da shigowa ba ya tambaya wai me yasa har yau World of Warcraft basu saka ajin nekromansa ba (aji shine irin jarumin da kake zaɓa ka buga da shi) alhali mutane sun daɗe suna roƙo, yace ai ba wani aiki bane, kawai su zana mutum da baƙaƙen kaya su bashi ƙwarangwal biyar yana ja a baya shikenan. Na fara rubuta masa amsa sai naga abun yana ta tsawo har wayata ta fara zafi, nace bari in kawo shi nan inda zan baje kolina yadda nake so.

Ga wanda bai sani ba, nekromansa shine matsafin da yake tada matattu su yi masa faɗa, mu dai a guruf bokan gawa muke ce masa. Kuma ni a ganina cikin duk ajujuwan da ake ƙarawa a irin waɗannan gem ɗin na intanet babu mai wahalar sakawa kamarsa. Zanen mai sauƙi ne. Abun da yake da wuya shine duniyar da za'a jefa shi ciki, mutanen garin, dokarsu, labarin da aka shekara ana ginawa, duk sai sun san cewa wani sabon abu ya shigo musu, idan kuwa basu sani ba to ka ƙara kaya ne kawai baka ƙara aji ba.

Inda na fara fahimtar haka a Elder Scrolls Online ne, wato ESO. Gem ɗin ya fito a 2014 da aji huɗu, Dragonknight, Sorcerer, Nightblade da Templar, a 2017 suka ƙara Warden tare da babin Morrowind, sai 2019 da babin Elsweyr ya zo aka kawo bokan gawa. Elsweyr ƙasar Khajiit ce, mutanen nan masu siffar kyanwa, ƙasa mai rairayi da duwatsu da zafin rana, ga dodanni masu fukafukai an sako suna yawo a sama. Kwana da kwanaki nayi ina sauke shi da datar dare a laftaf ɗina, in wuta ta ɗauke in jira, in ta dawo in ci gaba, da ya gama ko tunani ban tsaya yi ba na zaɓi bokan gawa saboda tun ina yaro a shagon kwamfuta na unguwarmu shi nake ɗauka a Diablo II.

To ga abun da ya faru. Na shiga Rimmen, babban birnin arewacin Elsweyr, ina tsaye kusa da 'yan kasuwa zan buɗe jaka in sayar da tarkacen da na kwaso, sai yatsana ya taɓa lamba uku a kibod. Nan take ƙasa ta buɗe a gefena ƙwarangwal ya miƙe tsaye, hannunsa na walƙiya, wanda ake kira Skeletal Mage. Mutanen da ke wajen suka firgita, alamar tara ta bayyana a ƙasan sikirin, kafin in ankara dogari ya taho da gudu ya sha gabana, ko in biya ko in gudu. Na gudu, ya bini, kuma dogaran garin nan ba'a iya kashe su ko lebul nawa kake, haka aka gina su, sai da na samu na faɗa mafakar 'yan fashi da ke ɓoye a garin na biya tarar a wajen dillalin kayan sata sannan na samu sakat. Da na koma na duba sikil ɗin da kyau sai naga ashe an rubuta da ja a jikinsa cewa amfani da shi laifi ne, ni ne ban karanta ba.

Wallahi a lokacin na ajiye hannu na ɗan yi shiru, abun ya burge ni sosai. Domin tsarin shari'ar nan na sata da kisa da tara tun 2015 yake cikin gem ɗin, amma ba'a taɓa samun ajin da sikil ɗinsa da kansa laifi bane sai wannan. Templar zai iya tsayawa tsakiyar kasuwa ya haska mashinsa na haske babu mai ce masa kanzil, kai kuwa ko fatalwar nan mai warkarwa, Spirit Mender, ka kira a gaban mutane ka jawo wa kanka. Kuma hakan yayi daidai da labarin, tunda farkon gem ɗin gaba ɗaya da me ya fara? Mannimarco, sarkin bokayen gawa, shi ya yanka ka ya miƙa ranka ga Molag Bal, babban shaiɗanin labarin, ka farka a kurkukun duniyarsa Coldharbour babu rai a jikinka, ƙungiyarsa ta Worm Cult ita kake yaƙa tun daga farko har ƙarshe. A Elsweyr ɗin ma Zumog Phoom, bokan gawar da ke yi wa Euraxia Tharn, matar da ta ƙwace sarautar Rimmen, aiki, shine ya cika ƙasar da matattu masu tafiya. Mutanen da suka ga wannan bala'in da idonsu in suka ga kana tada ƙashi kusa da rumfarsu suka yi maka murmushi, ai an raina musu hankali, mu ma masu bugawa an raina mana.

Akwai kuma wani ɓangare da ban cika faɗa a guruf ba. Wata rana ina cikin wani kogo ina faɗa, gawarwaki a zube ina ta zuƙe su ina ƙara ƙarfi, Yayana ya shigo ɗaki ya tsaya a bayana yana kallo, can sai yace, kai yanzu duk wasannin duniya ka rasa wanda zaka yi sai na wasa da gawa? Nace Yaya ai zane ne kawai, yace na sani, ya fita. Bai yi faɗa ba amma maganar ta zauna min. Bayan 'yan watanni maƙwabcinmu ya rasu, dattijon da tun muna yara yake bamu alawa a ƙofar gida, da mu aka ɗauki makara, ina cikin waɗanda suka miƙa itace da ƙasa a bakin kabari, na ga yadda ake sauke mutum a hankali kamar ƙwai, kowa yayi tsit sai addu'a. Na dawo gida da ƙasar makabarta a ƙafar wandona, kuma sati uku ko fiye ban iya buɗe bokan gawan nan ba, Warden ɗina na koma ina yawo da beyar. Ba wanda ya hana ni, zuciyata ce kawai bata so. Da na dawo masa daga baya sai na ƙara ganin darajar dokar nan ta cikin gari, domin ko ba komai gem ɗin ya yarda da abun da Yaya ya ji kuma nima na ji, cewa gawa ba abun banza bace, wanda ya taɓa ta dole a kalle shi daban.

Sai dai fa basu kai abun ƙarshe ba, nan ne nake da ƙorafi. Zaka iya shiga Mages Guild, ƙungiyar matsafa, da bokan gawanka a karɓe ka hannu bibbiyu, alhali Vanus Galerion da ya kafa ƙungiyar babban abokin gabar Mannimarco ne, tare suka yi karatu a tsibirin Artaeum kuma a kan wannan tsafin suka raba gari. Zaka tsaya a gefen Vanus ɗin kana tada ƙwarangwal yana kallo babu abun da zai ce. Nan da can akwai wanda zai jefa maka magana ɗaya ko biyu amma basu da yawa. Na gane dalili, labarin da aka naɗi muryoyinsa shekara biyar kafin ajin ya zo ba za'a koma a sake shi duka ba, kuɗi ne da lokaci, amma duk da haka yana min ciwo, dogari ya san ni waye, manyan labarin basu sani ba. A wannan fannin Warcraft ɗin da ƙaninmu ke zagi sun yi wani abu mai kyau a 2008 da suka kawo ajin Death Knight, mataccen mayaƙin da aka tada, a babin Wrath of the Lich King, ranar farko da zaka shiga birnin Stormwind ko Orgrimmar dogaran gari na jifanka da ruɓaɓɓen 'ya'yan itace suna tofa maka yawu har ka isa gaban shugaba, minti kaɗan ne amma duk wanda ya bi ta wajen bai manta ba. Kuma ina zargin Death Knight ɗin nan da Warlock mai kiran aljanu sun riga sun cinye rabin abincin bokan gawa shi yasa ajin bai samu gurbi ba, wannan dai hasashena ne.

Sauran gem kowa da hanyar da ya bi ya kauce. Diablo cewa suka yi bokayensu limaman Rathma ne masu tsare daidaito tsakanin rayuwa da mutuwa, wato ba mugaye bane, shi yasa da aka dawo da ajin cikin Diablo III a 2017 bayan shekara biyar ana buga ajin Witch Doctor a madadinsa babu wani labari da ya karye. RuneScape kuma a 2023 suka kawo shi a matsayin sabon fanni na faɗa, suka gina birnin matattu mai suna Um inda kake hulɗa da su kana neman haɗin kansu maimakon ka tilasta musu. Duka biyun dabara ce mai kyau, amma ni na fi son wadda ta bar abun da nauyinsa.

Yanzu maganar ƙwarangwal biyar ɗin da ƙaninmu yace. A Diablo II kana tafiya da runduna guda, ƙwarangwal masu takobi, masu tsafi, ga ƙaton dodon da ake kira golem, ka fasa gawa ɗaya da Corpse Explosion ɗaki ya watse, amma can mutum takwas ne iyaka a wasa ɗaya. Ka ɗauko wannan ka kawo Cyrodiil, filin yaƙin 'yan wasa na ESO, inda mutane ke haɗuwa da yawan gaske a bakin ganuwa ɗaya, kowa da rundunarsa, kowane ƙashi saba, wato babbar kwamfutar kamfanin, tana lissafin inda zai taka da wanda zai sara, ai babu kwamfutar da zata ɗauka, balle tanki, wato mai tare wa abokansa duka, da yake son ganin ƙafar bos, babban abokin gaba, a danjin, kogon da ake shiga a ƙungiya, ƙasusuwa sun rufe masa ido. Shi yasa a ESO suka yi su na ɗan lokaci, ka kira, suyi aiki na wasu sakanni, su zube su zama gawa, gawar kuma ka ci amfaninta da wani sikil ɗin. Blastbones misali, ƙwarangwal ne da zai fito ya ruga kan abokin gaba ya fashe, inda ya fashe ya bar gawa, kai kuma ka ɗora sikil ɗin Boneyard a kai ko ka ja igiyar walƙiya ta Shocking Siphon daga jikinta. Idan abun ya tafi daidai kamar kiɗan kalangu ne, wannan na biye da wannan. Mutane da yawa sun ji haushi don runduna suka zo nema, kuma Blastbones ɗin kansa an shekara ana kuka da shi a kan yana tsayawa ko ya ɓata hanya, a 2024 da aka sauya masa fasali ma wata sabuwar rigimar ce ta tashi.

Mu da muke bugawa daga nan akwai ƙarin namu. Sabar Turai muke hawa, kuma in netwok ya fara rawa da yamma sai ka danna sikil gawar ta riga ta ɓace kafin umarnin ya isa, ajin da aka gina kan lokaci ƙanƙani irin wannan yafi kowanne jin jinkiri. Na koyi bugawa bayan sha ɗaya na dare, na kuma rage sikil masu dogaro da gawa a jerin maɓallaina na biyu.

Amma duk wahalar nan akwai daren da ya biya ni. Danjin ne na mutum huɗu, ni ne mai warkarwa, mun kai bos na ƙarshe bayan kusan awa ɗaya, sai wuta ta share tanki da masu dameji biyun a lokaci guda, saura ni kaɗai ina zagaye da jini kaɗan. A ƙa'ida mutum ɗaya zaka tsaya a kansa ka tada da dutsen rai kana jira sakanni suna tafiya bos na dukanka, ba zai yiwu ba. Ni kuwa Reanimate ɗina ya cika, babban sikil ɗin da yake tada mutum har uku a take, na matsa tsakiyarsu na danna, su ukun suka miƙe tare, tankin wani bature ne da ban taɓa sani ba ya cika cat da manyan baƙaƙe yana godiya, muka gama da bos ɗin. Hannuna har rawa yake, ƙarfe ɗaya saura na dare, janareton maƙwabta ma ya mutu unguwa tayi tsit. Tsafin da ake kama ni a kansa a kasuwar Rimmen ɗan uwansa ne ya ceci mutum uku a daren.

Tun 2025 da suka kawo tsarin haɗa layukan sikil na aji daban daban, yanzu Templar ma zai iya aro layin Grave Lord na bokan gawa ya tada ƙwarangwal, ni dai ban canza nawa ba, yana nan da layukansa uku yadda na ƙirƙire shi a 2019. Har yau kuma in na doso ƙofar gari sai na tsaya daga nesa na jira na ƙarshensu ya zube ƙasa, na ɗauke yatsana daga kan lambobi, sannan in shiga.