Buta ta biyu

Laraba, bayan isha'i, Maiduguri.

An ɗauke wuta tun la'asar, da hasken waya nake rubutun nan. Yau ranar zama da ma'aikatana ce, masu jinyar yara ta hanyar wasa da nake duba aikinsu, su huɗu, kowacce da awarta. Uku sun wuce lami lafiya: rahoto, jadawali, da ƙorafin cewa fenti ya ƙare. Ta huɗun ce ta hana ni barci.

Ita ce ƙaramarsu. A hannunta akwai wani yaro ɗan shekara bakwai, ba zan faɗi abin da zai sa a gane shi ba. Yana cikin waɗanda ruwa ya ci unguwarsu da madatsar Alau ta fashe a Satumban 2024, ambaliyar da manya ke cewa rabonsu da irinta tun 1994. Tun lokacin yake fitsarin kwance, ga firgita cikin dare. Sau ɗaya a mako yake zuwa ɗakin wasa, minti arba'in da biyar. Zama shida ke nan abu ɗaya yake yi: ya jera gidajen kwali a tiren yashi, ya saka 'yan tsana a ciki, ya ɗauko buta ya tuttula musu ruwa har sai komai ya nutse, kuma bakinsa a rufe. Idan ya gama ya goge hannu a riga ya koma bakin ƙofa.

Tana karanta min bayanan zaman jiya, sai ta zo wani layi ta yi sauri ta wuce. Na ce, ƙanwata, koma baya kaɗan. Ashe da ruwan ya kai wuyan ƙaramar 'yar tsana, hannunta ne ya riga tunaninta: ta tsamo ta, ta ɗora kan murfin gwangwani, ta ce masa, "Ga shi, an cece ta." Yaron ya dube ta, ya ajiye butar, bai sake taɓa yashin ba har lokaci ya cika.

Gaskiya karatu ne ya fara zuwa bakina. Tun 1947 Virginia Axline, masaniyar halayyar ɗan'adam 'yar Amurka, ta shimfiɗa ƙa'idoji takwas na wannan aiki, kuma biyu daga ciki su ne aka taka jiya: yaro ne ke gaba kai kana biye, kuma ba a yi masa gaggawa. Wasan shi ne bakinsa. Wanda ya tsamo 'yar tsanar ya katse masa magana ne, ko da tausayi ya sa. Duk wannan na tanade shi tsaf, sai na lura hannuna ya riga ya miƙa zai karɓi littafin bayananta don in nuna mata inda ta kauce. Wato ni ma tsamowar zan yi. Masana aikin kulawa sun daɗe da lura da haka: abin da ya faru tsakanin ma'aikaci da yaro yakan sake haihuwar kansa tsakanin ma'aikacin da mai duba aikinsa. Na mayar da hannuna kan cinya.

Na tambaye ta abin da ta ji a jikinta sa'ad da ruwan ke hawa. Shiru ya yi tsawo har ina jin masu Keke Napep suna rigima a titi. Can ta ce, "Anti, a Gwange muke. Ƙanena na goya muka fita, ruwa iya ƙirjina." Wata takwas muna aiki tare ban sani ba, kuma laifina ne, don ranar da na raba yaran ban tambayi kowa inda ruwa ya same shi ba.

Ta yi kukanta, na miƙa mata ruwan leda, ban ce ta yi haƙuri ba. Bayan nan muka zauna a ƙasa gaban tiren, ni ce yaron. Na tuttula ruwa, ita kuma aikinta ta faɗi abin da take gani kawai: "Ruwan ya shiga gidan. Ya rufe ta duka." Sau uku muka yi. A na farko muryarta na rawa, a na uku ta iya barin hannayenta a kan gwiwa. Na ba ta zaɓi ko a mayar da yaron hannun wata, ta ce a bar mata shi. Na yarda, bisa sharaɗin za mu riƙa haɗuwa sau biyu a mako, kuma ta ga wani daban a kan nata ruwan, don wannan ɗakin ba na jinyarta ba ne.

Da zan fita na ci karo da kakar yaron, ta zo tambaya ko yaushe za a fara ba shi magani, tunda har yanzu wasa kawai ake yi. Ban ga laifinta ba, ita ke wankin tabarma kullum da safe. Na ce, Iya, a ƙara mana lokaci. Ta ce to, amma fuskarta ba ta ce to ba.

Gobe in tsaya Kasuwar Monday in sayo fenti da buta ta biyu, ta ɗakin wasan ta fara yoyo. Juma'a kuma in kira wadda ke duba nawa aikin, akwai maganar hannun nan da na miƙa. Hadari ya haɗu a gabas, bari in shigo da shanya.