Abin da Na Koya a Gefen Gadon Masu Jinyar Ƙarshe

Duk horon da na samu a makaranta ya ginu ne a kan mayar da mutum kan ƙafafunsa. Sana'armu ta masu farfaɗo da ayyukan yau da kullum, wadda aka kafa ƙungiyarta ta farko a Amurka a shekarar 1917, aikinta shi ne taimaka wa wanda ciwo ko rauni ya kayar ya koma yin wanka da sa tufafi da cin abinci da kansa, har ya koma bakin sana'arsa. Mutane kan haɗa mu da masu gashin ƙashi, alhali su ƙarfin gaɓa da motsinta suka fi kula da su, mu kuwa abin da mutum zai yi da gaɓar ne damuwarmu. Da aka tura ni sashen majinyatan da likitoci suka tabbatar cutarsu ba ta jin magani, sai na shiga da ma'aunin da na saba, wato in ga sauƙi yana ƙaruwa mako bayan mako, kuma ma'aunin bai amfane ni ba ko na kwana ɗaya.

Wanda ya fara gyara mini tunani wani dattijo ne mai ciwon dajin huhu. Na je masa da jerin atisayen ƙarfafa hannu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, ƙarfin nan ba zai dawo ba, ni da ke mun sani. Ni dai ina so in zauna a kujera in ci abinci tare da iyalina, na gaji da a riƙa ba ni a baki ina kwance." Na ce, "To Baba, wannan za mu yi." Na ninke takardata na ajiye.

Zaman minti ashirin a kujera ya ci mana shirin yini guda, domin ƙarfin mai irin wannan ciwo kamar guzuri ne ɗan kaɗan, idan aka kashe shi da safe babu sauran na yamma. Muka mayar da wankansa a zaune, muka raba shi da lokacin cin abinci da sa'o'i, muka daidaita da ma'aikaciyar jinya a ba shi maganin raɗaɗi kafin a tashe shi. Na tokare masa baya da gwiwar hannu da matasai, na naɗe mariƙin cokalinsa ya yi kauri, na samo masa kofi mara nauyi mai hannu biyu, kana na ajiye ƙaramar fanka tana hura masa fuska, domin iska mai sanyi a fuska tana rage jin sarƙewar numfashi. A wannan zaman ne na gane abin da Cicely Saunders take nufi, matar da ta yi aikin jinya da na jin daɗin jama'a kafin ta zama likita, ta kuma buɗe gidan jinyar Sent Kiristofa a Landan a shekarar 1967, da ta koyar cewa raɗaɗin mai gab da mutuwa ya haɗa jiki da zuciya da dangantaka da ruhi. Ciwon dattijon nan na zama wanda ake yi wa komai ya fi na ƙirjinsa cin ransa, kuma babu allurar da za ta taɓa shi.

Aiki da iyali ya fi ba ni wuya. Ƙauna ce ke sa su riga majinyaci zuwa ga kofi da maɓallin riga, kuma da ƙaunar suke ƙwace masa ɗan abin da ya rage yana iyawa. Koya musu juya shi a kan gado da zanen shimfiɗa, da lanƙwasa gwiwa maimakon baya yayin ɗaga shi, da duba diddige da ƙugu da ƙashin gindi inda gyambon kwanciya ke fara fitowa, duk bai kai wahalar koya musu su riƙe hannunsu su jira ba. Ina ganin wannan koyarwa ita ce mafi nauyi a aikinmu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari kawai ke samu, sauran kuwa dangi ne ke ɗawainiya da mafi yawansu.

Na yi kuskure kuma, wanda har yau yake damuna. Na kai wa wata baiwar Allah keken guragu ba tare da na fara tattaunawa da ita ba, don na hango za ta buƙace shi nan da 'yan kwanaki. Hangen nawa daidai ne, amma ita ta karanta hukunci a jikin keken, ta juya fuska bango, ta yini ba ta yi magana ba. Tun daga ranar nake fara tambaya, nake kuma bari majinyaci ya ambaci buƙatar da bakinsa, ko da yake jinkiri ma yana da nasa haɗarin, tun da abin da ya dace da jiki a wannan makon ba lallai ya dace a mako mai zuwa ba.

Dattijon ya ci gaba da zama da iyalinsa kusan makonni uku. Da zaman kujera ya gagara, muka ɗaga kan gadon, su kuma suka jawo kujerunsu suka kewaye shi. A yammacin ƙarshe da na gan shi, shi ne riƙe da kofinsa, matarsa tana tallafe da gwiwar hannunsa kamar yadda na nuna mata. Allah ya jiƙansa.