Daga Makarantar Zane Zuwa Teburin Aikin Katun

A makarantar koyon zane, ɗalibi shi ne wuƙa shi ne nama a kan fim ɗinsa na kammala karatu: shi ke ƙirƙirar labari, shi ke zana 'yan wasa, shi ke motsa su, kuma shi ke yanke hukuncin cewa aiki ya kammala. A kamfanin shirya katun kuwa, aiki hannu zuwa hannu yake bi. Wani ya tsara labari cikin jerin zane, wani ya ƙera surar ɗan wasa a kwamfuta, wani ya dasa masa ƙasusuwa da gaɓoɓi domin ya iya lanƙwasuwa, sannan ya iso teburina in ba shi motsi, kafin ya wuce wajen masu haske da masu haɗa hoto. Wanda bai yarda ya zama hannu ɗaya cikin hannuwa masu yawa ba, ba ya daɗewa a wannan sana'a, komai kyan zanensa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gane cewa ba don kyan zane ake biyana ba, don iya auna lokaci ne. Fim yana tafiya ne da hotuna 24 a daƙiƙa ɗaya, wato hotuna 1,440 a minti guda, kuma masu zanen hannu sukan yi zane 12 kacal a daƙiƙa, su nuna kowanne sau biyu. A ɗauki misalin ɗan wasan da zai ɗaga akwati mai nauyi. Dole ne ya fara durƙusawa, ya ɗan dakata, kafaɗunsa su riga akwatin tashi, sannan akwatin ya biyo baya a hankali. Idan aka cire hotuna uku ko huɗu daga dakatawar nan, nan take akwatin zai koma tamkar babu komai a cikinsa, kuma mai kallo zai ji cewa wani abu bai yi daidai ba ko da bai iya faɗinsa ba. Ƙa'idojin motsa katun guda 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston, tsoffin masu zanen Disney, suka wallafa a 1981 duk mun haddace su a aji, amma hadda dabam, sanin inda za a ƙara hoto ɗaya kuma dabam.

Sai zaman duba aiki, wanda kamfanoni da yawa ke yi kullum. Ana haska daƙiƙoƙi kaɗan da mutum ya yi mako yana fama da su a gaban kowa, darakta ya ce a sake. A ganina, a nan ake bambanta ƙwararre da sabon shiga, domin ƙwararre ba ya tsayawa kare aikinsa, tambaya yake yi a kan abin da ake so mai kallo ya ji a wannan fitowa.

Game da neman aiki, ban taɓa ganin an ɗauki mai motsa katun saboda takardar shaidarsa ba. Gajeren bidiyon samfurin aiki ake kallo, minti ɗaya zuwa biyu, kuma wajibi ne mafi kyawu ya zo a farko, tun da mai dubawa ba lallai ne ya kai ƙarshe ba. Manhaja ma ba ita ce matsala ba. Maya da Toon Boom Harmony sun yi kaka-gida a kamfanoni, amma Blender kyauta ce tun 2002, kuma da ita aka shirya fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025.

Yawancin aikin kwantiragi ne da ke ƙarewa da ƙarewar fim, don haka nakan fara neman na gaba tun ina tsakiyar wanda ke hannuna. Bukukuwan fina-finan katun irin na garin Annecy a Faransa suna da amfani wajen saduwa da jama'a, sai dai mafi yawan kiran da nake samu daga tsoffin abokan aiki yake zuwa, musamman masu haske, waɗanda ba su manta cewa fayilolina kan iso musu a kan lokaci kuma a tsare ba.