Minti biyu a ɗakin mai gadi

Bidiyon biki ne sana'ata a Damagaram. Kamu, ɗaurin aure, kai amarya, suna, walimar sauka, duk wanda ya kira ni sai in rataya kyamara in je. Da dare in zauna gaban kwamfuta in jera hotuna yadda suka zo, in shimfiɗa waƙa a ƙasa, in watsa furanni da taurari tsakanin hoto da hoto, uwar amarya ta gani ta yi guɗa ta biya. Ina cin abinci da ita, ba na raina ta. Sai dai na kai matsayin da hannuna ke aiki kaina yana barci, kuma ina son in san yadda ake tace fim na gaske, wanda zai hana mutum tashi ko da tukunyarsa na ƙonewa.

Da Najeriya ta buɗe iyakarta da Nijar a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, na kama hanya: Matamaye, Ɗan Barto, Kongolam, Daura, Kano, sannan doguwar motar dare zuwa Legas. Canji ma ya mara mini baya, don a lokacin naira ta faɗi har jika ɗaya ta sefa tana haura naira 2,000, ɗan abin da na tara ya yi auki. Wasu sun ce me zai hana in tsaya Kano, ga Kannywood, ga harshe ɗaya. Gaskiyarsu ce, amma Kawu, ƙanin mahaifiyata, yana Agege, kuma mai ɗaki a Legas ya fi mai kuɗi a aljihu, garin da ake biyan hayar shekara gaba ɗaya, a ɗora maka kuɗin dillali da na yarjejeniya.

Agege ba ta ba ni wahala ba. Akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatai, akwai fura da tuwo da kilishi, ga mahauta a Oko-Oba, ga mutanenmu na Tawa da Maradi ko'ina, masu gadi, masu shayi, masu tura ruwa. Da yawa daga cikinsu acaɓa suke yi kafin gwamnatin jihar ta hana shi a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022. Wahalar tana farawa ne da ka fita daga unguwa. Ni da Faransanci na yi lakkol, sai ga Turanci a aji, ga Fijin a cikin danfo, ga Yarbanci a bakin kwandasta wanda ke kiran sunan tasha kamar ana binsa da sanda. Kullum sai na wuce ƙarƙashin gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, unguwar da ta gaji sunan gidan sinima amma ba za ka ga majigi a wurin ba. Da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba, sai zuwa makaranta ya daina cinye mini rabin safiya. Kyamarata ma ta sha nata baƙuncin. A gida ƙura ce abokiyar gabarta, a nan laima ce, wadda ke shiga cikin gilashi ta tsiro da fumfuna in ka bar shi a jaka lokacin damina.

Abin da ya fi damuna shi ne dare. A Damagaram in dare ya raba kana jin haushin kare daga wata unguwa. A Agege da an ɗauke wuta sai janareta ta tashi a kowane gida, ƙanana da manya, kowace da muryarta, har asuba. Kawu yana minshari a cikin wannan rugugi, ni ina juyi. Ya ce mini, "Yaro, ranar da ka ji shiru a garin nan, ranar za ka tashi zaune." Na ɗauka zolaya ce.

A makarantar da nake koyon aikin yaɗa labarai aka raba mu rukuni-rukuni, aka ba mu aiki: mu tsara mabuɗin fim ɗin fargaba, minti biyu kacal, har da rubutun sunaye. Mu huɗu ne, ni, da wata Bayarabiya mai kaifin kai, da wani Inyamuri da ya iya haske, da wata Bahaushiya haifaffiyar Idi-Araba wadda ta zama tafintata in Turanci ya ƙure mini. Kafin a taɓa kyamara Malama ta ce sai ta ga takarda uku: labarin a layi biyar, zanen kowane hoto a cikin akwatinsa, da jerin hotunan da za a ɗauka, na nesa ne ko na kusa, daga wane ɓangare, daƙiƙa nawa. Minti biyu a firem 25 kowace daƙiƙa, wato tsayayyun hotunan da ake jerawa su ba da motsi, firem 3,000 ne, ta ce kowane ɗaya sai ya faɗi abin da ya zo yi.

Shawarar farko da aka kawo ita ce wadda kowane rukuni ya kawo: mace tana tafiya a lungu, duhu, takun sawu a bayanta, ta waiwaya, ihu. Malama ba ta ce komai ba, sai ta ba mu misalin da Alfred Hitchcock, gwanin finafinan fargaba, ya bayar a hirarsa da daraktan Faransa François Truffaut a 1962. Mutum biyu suna hira a tebur, bam ya tashi, mai kallo ya firgita na daƙiƙa goma sha biyar, shi ke nan. Amma in an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, ga agogo yana gani, hirar banza da suke yi za ta riƙe shi minti goma sha biyar yana son ya yi musu tsawa su tashi. Ashe fargaba tana zuwa ne in mai kallo ya san abin da na cikin fim bai sani ba. Wannan ya shige ni sosai, wataƙila don baƙo a Legas kullum shi ne mutumin da ke zaune a teburin, kowa a cikin mota ya san abin da ke gaba ban da shi.

To mene ne bam ɗinmu? Ba mu da kuɗin bam, ba mu kuma son 'yan sanda. A nan maganar Kawu ta dawo mini. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramar janareta ya san cewa in ka rufe makunnin mai ba ta mutuwa nan take. Tana ci gaba da shan ɗan man da ya rage a kafireto, ta yi ta aiki lafiya lau na ɗan lokaci, sannan ta fara tari, murya ta hau ta sauka, ƙwan lantarki ya yi ja ya dawo, sai ta mutu. Babu ɗan Legas da bai san wannan tarin ba. Na ce musu ga agogonmu nan. Hoto na farko: hannu, ba fuska, ya zuro ta bayan katanga ya murɗe makunnin mai. Daga nan sai ɗakin mai gadi, dattijo yana haɗa shayi, rediyo na magana, bai san komai ba. Mai kallo kuwa ya riga ya fara ƙirga.

Wanda ya fito a mai gadin mai gadi ne na gaske, abokin Kawu, mutumin Tawa, ya nemi izinin mai gidan da yake tsaro aka ba mu dare. Da na ce masa, "Baba, nan sai ka nuna ka ji tsoro," sai ya zare ido ya buɗe baki har mai riƙe haske ya fashe da dariya. Muka bar wannan. Na ce ya zauna kawai ya kalli ƙofa, kada ya yi tunanin komai, muka ɗauki fuskarsa tsawon minti ɗaya. Sauran aikin na teburin tacewa ne. Wajen 1920 wani Barashe, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya haɗa ta da akwatin gawa, ya haɗa ta da wata mace, masu kallo suka yi ta yaba yadda ya nuna yunwa da baƙin ciki da sha'awa, alhali hoto ɗaya ne. Haka fuskar Baba ta yi mana. In ta biyo bayan butar shayi, dattijo ne mai jiran ruwa ya tafasa. In ta biyo bayan ƙwan da ya yi ja, mutum ne da gabansa ya faɗi.

Akwai ƙa'idodin da na yi shekaru ina takawa a gidajen biki ba wanda ya tuhume ni. Babbar su ita ce layin digiri 180. Ka ja layi a ranka tsakanin Baba da ƙofar gida, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin. In Baba yana kallon dama a hoto na uku, dole ya ci gaba da kallon dama a na bakwai, in ba haka ba mai kallo zai ɗauka ƙofa ta koma bayansa. Sai yanka a kan motsi: hannu ya fara ɗaga buta a hoton nesa, ka yanke a tsakiyar ɗagawar zuwa hoton kusa, ido na bin hannun ba zai lura da ɗinkin ba. Sai batun wuta. Lantarkin Najeriya yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, waya kuma ta saba ɗauka a firem 30, shi ya sa haske ke rawa a bidiyon dare. Muka sa firem 25 da shata, wato tsawon buɗewar idon kyamara, ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. Wutar janareta ba ta tsayawa daidai, ta ɗan yi rawa duk da haka, amma mu rawar muke nema.

A kan sauti muka fi daɗewa, kuma nan ne muka yi faɗa. Abokan aikina suna son kiɗa, irin mai hawa a hankali ya fashe da ganga. Na ce janareta ce kiɗanmu. Mun naɗi muryarta daban, lafiyayya da mai tari, mun naɗi rediyo daban, cokali a cikin kofi daban, da minti ɗaya na ɗakin ba mai magana, wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin komai don kada kunne ya ji rami a wurin yanka. Muna kai-komo tsakanin wuri uku, ɗakin Baba, janareta, da ƙasan ƙofar gida inda inuwar ƙafa take. Hotunan farko daƙiƙa shida-shida, sai huɗu, sai biyu, suna gajarta yadda numfashin injin ke gajarta. Tarin farko mun sa shi ya shigo tun muna kan fuskar Baba, kafin a ga injin, abin da masu tacewa ke kira yankan J, sauti ya riga hoto isowa. Da ta mutu kuwa ba mu yanka ba. Allo ya yi baƙi, muka riƙe shi daƙiƙa biyar, sai janaretocin maƙwabta can nesa da ƙarar sakata ana zare ta a hankali, sannan sunan fim ya fito.

Bayarabiyar nan ta gano cewa shayin da ke kofin Baba ya ƙaru tsakanin hoto biyu maimakon ya ragu, ta ce a cire hoton. Shi ne kuma hoton da idonsa ya fi kyau. Malama ta raba mu da lissafin Walter Murch, editan Amurka, wanda ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin 100 wajen zaɓen inda za a yanka, labari 23, karin tafiyar hotuna 10, sauran ƙa'idodi uku na ido da wuri suka raba 16. Hoton ya zauna. Ba wanda ya lura da shayin a aji.

Wani abu da na lura da shi a kan hanya, ko da bai shiga aikinmu ba: littattafan tacewa suna cewa ka shiga fitowa a makare ka fita da wuri, ka zubar da gaishe-gaishe. Ga finafinanmu na Hausa da ake sallama, a shimfiɗa tabarma, a tambayi gajiya da iyali kafin a zo ga magana, shawarar tana da amfani. Amma Bahaushe ya san in baƙo ya shigo ya gajarta gaisuwa, ba lafiya ba. Edita mai wayo zai iya tayar da hankalin mutanenmu da tsawon gaisuwa kaɗai, ya ja ta ko ya datse ta, abin da ba na jin wani littafin waje zai koya masa.

Tacewar a kan tsohuwar laftof muka yi ta, wadda na saya a Computer Village da ke Ikeja, da manhajar DaVinci Resolve ta kyauta. Injin ba ya iya jan manyan hotuna, sai da muka yi musu ƙananan kwafi muka yi aiki da su, a ƙarshe manhajar ta mayar da na asali. Komai kuma yana wuri biyu, don wutar Agege ba ta sallama in za ta tafi. Ana cikin haka, a watan Janairun 2025, Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, hira a teburin mai shayi ta koma kan takardu da makomar zamanmu. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarmu har sai an sanar da wani abu, amma tun daga lokacin ba na fita ba tare da nawa a aljihu ba.

Malama ta karɓi aikin, gyaranta ɗaya ne, wai sunayenmu sun yi girma a kan allo har suna janye ido daga hannun da ke murɗa makunni, muka rage su muka tura ƙasa. Da na kai wa Baba a waya, ya kalla sau biyu bai ce uffan ba, sannan ya miƙo mini.

"Wannan mai gadin naku sakarai ne," ya ce. "Ni da tun tarin farko na ɗau tocila na zagaya."

"Baba, ai kai ne."

"Ni ne a fuska. A hankali ba ni ba ne."

Bayan kwana biyu Kawu ya gaya mini Baba ya tsare mai gidansa, ya ce shi ba zai ƙara kwana a ɗakin nan ba sai an yi wa janareta keji da kwaɗo. An kira mai walda.