Ɗinki na likita ne, jinya ta mai kare ce

Shagona na maganin dabbobi ne, a nan cikin Katsina, ta wajen Ƙofar Ƙaura. Yawancin cinikinmu na shanu ne da tumaki da awaki da kaji: maganin tsutsar ciki, maganin kaska, allurar rigakafi, gishirin lasa, sinadarin ƙarin kuzari na masu kiwon ragunan layya. Ni kiwon lafiyar dabbobi na karanta, amma ba ni ke yanka da ɗinki ba. Akwai likitan da muke aiki tare, yana zuwa da yamma idan ya tashi daga wurin aikinsa, kuma duk abin da ya shafi wuƙa da allurar barci nasa ne. Abin da ke biyo baya, wato wankin ciwo da duba shi da amsa wayar mai dabba, nawa ne da yaran shago.

Kare ba shi da yawa a cikin wannan ciniki, amma babu dabbar da ke dawo mana da aiki baya kamarsa. Rago idan an ɗinke shi, ƙuda ne babban abin tsoro. Kare kuwa da bakinsa yake warware aikin likita. Masu kawo mana karnuka kashi biyu ne. Akwai mafarauta, waɗanda ke yawaita da rani bayan an kawar da amfanin gona, karnukansu na zuwa da yagar faɗa ko ta waya ko ta kututture. Akwai kuma masu karnukan gadi na manyan gidaje da gidajen gona, waɗanda ake kawowa don fiɗiya, ko cire mahaifar karya, ko don babur ya buge su. Da yawa ba sa son a gan su da kare a bakin shago, sai bayan magariba su turo maigadi. Ba na ganin laifinsu, na san garinmu. Amma an yarda a ajiye kare don farauta da tsaron gona da kiwo, kuma wanda ya ajiye rai a gidansa haƙƙin wannan rai yana wuyansa.

Maganar da na fi ji a bakin shago ita ce, "Ai harshen kare magani ne." Dattawan mafarauta sun yi imani da ita ƙwarai, kuma ba daga sama suka tsinto ta ba. Sun sha ganin kare ya ji ɗan ciwo a daji, ya lashe ƙasa da jinin da ke kai, bayan kwanaki ya warke. Wannan ƙaramin ƙujewa ne da babu zare a jikinsa. Ciwon da aka ɗinka daban ne. Likita ya haɗa leɓunan fata biyu ne, zare ya riƙe su har naman ya kama kansa, kuma hakan na ɗaukar kwana 10 zuwa 14. A kwanakin farko babu abin da ke riƙe da wurin sai zaren nan kaɗai. Harshe yana jiƙa fatar har ta yi laushi, yana goge sabon naman da ke tohowa, yana kuma shigar da ƙwayoyin cutar da ke cikin baki. Bakin nan dai shi ne ya kwana a juji yana cin mushe. Sannan kare ba ya tsayawa a lasa. Da ya ji ƙullin zare, sai ya sa haƙoran gaba ya tsinke su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya buƙatar dare guda, kafin maigadi ya dawo daga masallaci ya gama.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne ranar farko da ta biyu kare yakan kwanta lamo, maganin barci da zafin ciwo sun hana shi taɓa wurin. Sai mai gida ya ce nasa karen mai hankali ne. Ƙaiƙayi yana tasowa ne bayan nan, lokacin da ciwon ya fara kamewa kuma gashin da aka aske ya fara tsirowa. Yawancin waɗanda ke dawo mana da ciwo a wangame a wannan tsakanin ne suke zuwa.

Maganin abin kwalar roba ce da ake sa wa kare a wuya, mai faɗin baki, ta zarce hancinsa yadda bakinsa ba zai kai jikinsa ba. Ta kanti muna saro ta daga Kano, fara ce ana ganin waje ta cikinta, ba ta da nauyi, kuma ita na fi so. Sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin mafarauci, kuma ba kullum ake samun daidai wuyan kowane kare ba. Don haka muke yin tamu da bokitin roba. Mara nauyi muke zaɓa, mu cire mariƙin, mu yanke gindin daidai yadda kai zai shiga. Bakin yankan yana da kaifi, zai iya yi wa wuya wani sabon ciwon, sai mu tsaga tsohon tiyo mu lulluɓe shi, ko mu naɗe shi da tsumma. Mu huda ramuka da ƙusa mai zafi, mu zura igiya mu ɗaure shi a jikin abin wuya na fata da dukawa ke ɗinka mana. Awo biyu nake koya wa kowane yaron da ya shigo shagon nan. Yatsu biyu su shiga tsakanin wuya da ɗaurin, kada ya fi haka kada ya gaza. Bakin bokitin kuma ya wuce ƙarshen hanci. Karnukanmu na gida dogon baki gare su da siririn kai, bokitin da ya isa wani kare shi ba zai ishe shi ba, kuma idan ɗaurin ya yi sako-sako da ƙafa ɗaya zai tuɓe shi.

Ribar wannan bokiti ba ta taka kara ta karya ba. Idan aka lissafa tiyo da fata da lokacin yaro, kusan kyauta muke bayarwa. Amma na gwammace haka da in ga an sake yi wa dabba allurar barci, an yanke naman da ya ruɓe, an sake ɗinki a kan fatar da ta riga ta kumbura. Kuɗin aiki na biyu yana shigowa shagon, gaskiya ne, sai dai kuɗi ne da ba na jin daɗin karɓa.

Sa kwala ba shi ne wuya ba, barin ta a wuyan shi ne aiki. Kare idan aka sa masa yakan tsaya cak kamar an dasa shi, ko ya yi ta ja da baya, yana karo da bango, yana kuka. Yaran unguwa su taru suna dariya. Uwargida ta ji kukan cikin dare ta ce a cire masa ya huta. Wani Alhaji ya taɓa kira na ya ce, "Malam, dabbar nan fa ana zaluntarta, ko ruwa ta kasa sha." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗora kwanon a kan bulo, a kuma sauya shi da ƙarami wanda zai shige cikin bakin bokitin. A ba shi zuwa gobe." Mafi yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu suke sabawa, su ci su sha su yi barci da abinsu. Idan ya zama dole a cire lokacin cin abinci, to mutum ya tsaya a kansa har ya gama, a mayar nan take. Da dare kuwa ba a cirewa sam, don lokacin ne babu ido a kansa. Shi ya sa ba na yarda in yi wa mai gida bayani shi kaɗai. Ina neman wanda ke zuba wa karen abinci, maigadi ne ko ɗan gidan, in sa shi ya kwance ya ɗaura a gabana.

Wasu kan ce a ɗaure masa baki kawai da takunkumi ko igiya. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Katsina ke haura digiri 40, karen da aka ɗaure wa baki aka bari a rana zai iya mutuwa kafin la'asar. Ko mai kwala ma inuwa yake buƙata da ruwa a kusa.

Kwala ba ta maganin komai. Idan ɗinkin a kafaɗa yake ko bayan kunne, da ƙafar baya zai sosa, sai a sa masa safa a ƙafar ko a sa masa riga. Tsohuwar riga mai laushi ta gwanjo tana rufe ciwon ciki da na ƙirji, tana kuma kare ƙuda, amma a sauya ta da ta jiƙe ko ta yi datti, kuma mai naci zai tauna ta, don haka da kwala ake haɗa ta. Gidan da ke da karnuka da yawa, kamar na mafarauta, dole a ware majinyacin, in ba haka ba 'yan uwansa za su lasar masa. Ciwon cizo kuma sau da yawa likita ba ya rufe shi duka, yakan bar ƙofa don ruwan ciwo ya fita. Irin wannan shi ƙuda ya fi so, kuma da damina ba ya ɗaukar lokaci kafin tsutsa ta shiga.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shafe-shafe. Baƙin mai, toka, barkono, garin maɗaci, ruwan wanke bayan gida, duk na gan su a kan ɗinki, wai don ɗaci ko yaji ya hana lasa. Suna ƙona naman ne, zafin kuma ya ƙara jawo bakin karen wurin, abin da ya lasa ya tafi cikinsa. Haka maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac suna yi wa kare gyambon ciki, suna lalata masa ƙoda. Wanda likita ya rubuta shi za a ba shi, a kan lokaci, har ya ƙare. Karen da ba ya jin zafi ma bai cika damuwa da wurin ba.

Nakan ce a duba ciwon safe da yamma, a turo mini hotonsa ta WhatsApp in an ga wani sauyi. Ɗan ja da ɗan kumburi a farko ba komai ba ne. Amma wari, ko mugunya, ko kumburin da ke ƙaruwa, ko leɓen ciwo ya buɗe, ko kare ya yini ya kwana bai ci ba, a kawo shi. Idan ɗinkin ciki ne ya ɓalle har wani abu ya leƙo, kada a tura shi ciki, a rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, a taho ko da tsakar dare ne. Ba wanka, ba gudu, ba fita farauta sai an cire zare. Nan muka fi samun saɓani da mafarauta, don karen da ya fi ƙwazo shi ya fi jin ciwo, kuma shi ake ɗokin komawa daji da shi. Sarkin Bakan wani ƙauye ya ce mini, "Ɗana, ranar Asabar muke da fita." Na ce, "Baba, wannan Asabar ɗin a bar shi gida, ya fi a rasa shi ranin gaba ɗaya."

Ranar cire zare mukan bar kwalar ta ƙara kwana ɗaya ko biyu, don ramukan zaren su rufe. A ranar ce kuma muke tambayar katin rigakafin haukan kare. Wanda ba a yi wa ba, ko shekara ta zagayo, muna yi masa kafin ya bar shagon, mu rubuta ranar a kati da kuma littafinmu.